Katin Alamar Shafi da Sauran Dabarun Tallata Littafi a Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suke yawan dawowa a bakin marubuta a Kano, musamman masu buga littafi da kuɗin aljihunsu. An fara da katin alamar shafi saboda shi ne talla mafi araha da marubuci zai iya riƙewa a hannu, daga nan aka gangara zuwa WhatsApp, rediyo, ƙaddamarwa da kasuwa. Ba a sa farashi da naira ba, don kuɗin takarda ba ya kwana wuri ɗaya. Awo da lissafi aka kawo.

Mene ne katin alamar shafi, kuma me ya haɗa shi da talla?

Siririn kati ne da mai karatu yake sakawa a inda ya tsaya. Mai karatu dai bai taɓa rasa abin sa alama ba: tsinken tsintsiya, rasit, katin waya da aka kankare, ko kawai a naɗe kunnen shafi. Yara 'yan Islamiyya har gashin ɗawisu suke ajiyewa a tsakanin shafuka. Abin da marubuci yake yi shi ne ya karɓe wannan gurbi da katin da yake ɗauke da sunansa da lambarsa.

Takardar talla ana karɓa a jefar, ko a ƙunshe ƙosai da ita. Fasta kuma ruwa da rana suna cinye ta cikin mako biyu. Kati yana da aikin yi, shi ya sa ba a yar da shi. Ga shi kuma littafin Hausa ba na mutum ɗaya ba ne: uwargida ta gama ta miƙa wa amarya, ƙanwa ta tafi da shi makarantar kwana, maƙwabciya ta aiko yaro a ara mata. Duk hannun da littafin ya shiga, katin ya shiga.

Wane girma ya dace, kuma da wace takarda za a buga?

Faɗi santimita 5, tsawo santimita 18. Ga dalili. Yawancin masu buga ƙananan ayyuka masu launi suna amfani da takardar A3, mai santimita 29.7 da 42. Kowane kati yana buƙatar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, wato ya koma 5.6 da 18.6. Da wannan awo, kati biyar suna jeruwa a faɗi, layi biyu a tsawo: guda 10 a takarda ɗaya. Mai tsawon santimita 15 shi ma a wannan jeri 10 ɗin yake bayarwa, saboda haka wanda ya gajarce katinsa don ya rage kuɗi bai rage wani abin kirki ba, wurin rubutu kawai ya yi asara. Idan kuwa aka kai santimita 20, layi biyu ba za su shiga ba, tunda inji yana barin gefe, sai adadin ya faɗi. Kati 500 ke nan takarda 50.

Santimita 18 yana zama daidai a littafi mai girman A5, wanda tsawonsa 21 ne. In littafinka ƙarami ne, ka auna shi ka rage santimita biyu.

Takarda kuwa, ka nemi kati mai nauyin giram 300. Wanda ya gaza 250 yana lanƙwashewa cikin kwana kaɗan. Wanda ya haura 350 yana da kyau a hannu, amma a littafin da aka ɗinke da waya kuma aka buga da takardar jarida, kaurinsa yana buɗe gindin littafin ya sassauta shafukan tsakiya.

Me zan rubuta a jikinsa?

Fuska ta farko: sunan littafi, sunanka, da wani yanki na hoton bango. Yanki, ba duka bangon ba. Idan aka matse bango gaba ɗaya cikin faɗin santimita 5, fuskoki suna zama kamar ƙwayar gero, rubutun ya ɓace. Fuska ta biyu: jimla ɗaya ko biyu daga cikin labarin, irin wadda take tsayar da mutum, sai inda ake samun littafin, sai lambar waya ɗaya. Ɗaya, ba uku ba. Mutum in ya ga lambobi uku sai ya tsaya tunanin wacce zai kira, daga nan ya fasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tallata littafin da katin yake ciki. Wanda yake riƙe da littafin ai ya riga ya saya. Katin da za a saka a littafi na ɗaya, na biyu ya kamata ya tallata; wanda za a saka a na ƙarshe, sabon littafin da yake tafe. Kada a rubuta ranar fitowa sai littafin ya shiga inji, kuma kada a rubuta farashi.

Abu biyu da za a kiyaye. Kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kai, domin kati yana faɗuwa ƙasa, ana taka shi, yana ƙarewa a shara. Kada kuma a ɗauko hoton wata 'yar fim ko wata amarya daga Instagram a manna ba tare da izininta ba.

Na kai aiki maɗaba'a, sai ƙ da ɗ da ɓ suka fito kamar akwatuna. Me ya jawo?

Salon rubutun da aka zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, ko kuwa yana da su a kwamfutarka amma babu shi a kwamfutar mai ɗab'i. Da fayil ya buɗe a can, sai kwamfutar ta musanya shi da wani, harafin da ba ta gane ba ta sa akwati ko alamar tambaya. Wani lokaci harafin yana fitowa, amma da wata kama dabam, siriri a tsakiyar kalma mai kauri.

Maganin: kafin fayil ya bar hannun mai zane, ya mayar da duk rubutun ya zama zane. A CorelDRAW, wanda shi ne akasarin masu zane a Kano suke aiki da shi, ana zaɓar rubutun a danna Ctrl da Q. Sannan a fitar da shi a matsayin PDF. Kada a yarda mai zane ya ce a bar su k da d da b “ai za a gane”. Littafi mai suna da kalmar ƙasa ko ɓarawo ko ɗa, in aka sauke lanƙwasar, wata kalma ce ta daban ko ba kalma ba.

Haka zancen launi. Allon waya yana haɗa launi da haske, inji kuma da tawada huɗu, tsarin da ake kira CMYK. Shuɗi mai walƙiya da kore shar da suka burge ka a waya za su fito a dushe. A zana aikin da CMYK tun farko, hoto ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kuma kada a turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, don yana matse shi. A turo shi a matsayin fayil. Komai saurinka, ka biya kuɗin takarda ɗaya a buga maka gwaji, ka fita da ita hasken rana, ka karanta lambar wayarka da ƙarfi, lamba bayan lamba, kafin ka ce a ci gaba.

Ya kamata in sa lambar QR?

Lambar QR ita ce alamar nan mai kusurwa huɗu da ɗige-ɗige, wadda ake haska wa kyamarar waya ta buɗe adireshi. E, a sa ta, amma kada ta maye gurbin lambar waya, domin da yawa daga masu karatu ƙaramar waya ce a hannunsu. Kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, baƙa a kan fari, da farin fili kewaye da ita. Wadda aka ɗora a kan hoto ko aka yi mata launin zinare sau da yawa ba ta karantuwa.

Ta kai mutum wuri ɗaya inda zai iya saye nan take. Mafi sauƙi shi ne adireshin WhatsApp na wa.me, a bi shi da 234 da lambarka ba tare da sifirin farko ba. Yana buɗe hira da kai kai tsaye. A yi hattara da shafukan intanet da suke ba da lambar QR ta gwaji: tana aiki kwana kaɗan, bayan ka buga kati ɗari biyar sai ta mutu, a ce sai ka biya. A nemi wadda adireshin yake cikinta dindindin. Akwai ƙarin amfaninta a amsar ƙarshe, kan auna talla.

A yi masa leda ko a bar shi haka?

Leda tana kare shi daga maiƙo da gumi, kuma katin da zai zauna a gidan da ake girki da goyo yana buƙatarta. Sai dai a yi ta fuska biyu. In aka yi fuska ɗaya, ɓangaren da yake tsirara yana shan laimar damina, yana bushewa da hunturu, ɗayan kuma bai motsa ba, sai katin ya kanannaɗe kamar ganyen da ya sha rana.

Matsalarta ɗaya: biro ba ya kama ta. Idan za ka sa hannu a katin ranar ƙaddamarwa, ka ware wasu ba leda, ko ka tanadi alƙalamin maka mai siririn baki, ka bar tawadar ta bushe kafin a saka a littafi.

Wane iri masu karatu suka fi ajiyewa?

Mai tuntu. Rami ɗaya a sama, mai faɗin milimita 5 ko 6, nesa da baki da kamar santimita ɗaya don kada ya yage, sai a zura zare a ɗaure. Zaren ɗinkin hula yana da kyau kuma yana da launuka. Tuntun yana leƙowa daga littafi, shi ne yake sa a tambaya “ina kika samu wannan?” Aikin hannu ne, yara biyu za su iya gama ɗari a yamma ɗaya.

Na fata shi ne sarki, kuma a Kano ba a nesa da shi: dukawa suna nan a Kasuwar Kurmi, za su yanka jar fatar akuya su buga suna a kai. Amma na manyan baƙi ne da waɗanda suka biya kuɗin littafi tun kafin ya fito, ba na rabon kowa da kowa ba. A nemi fata siririya, a kuma gwada ta: a ɗan jiƙa farar takarda, a ɗora fatar, a danne da abu mai nauyi ta kwana. In rini ya fito a takardar, zai fito a littafi. Wannan gwaji ya shafi ƙyallen da aka rina da baba irin na Ƙofar Mata, don baba yana zuba.

Na ƙarfe mai matse shafi da mai maganaɗisu, a bar su ga littattafai masu takarda mai ƙwari. A takardar jarida yagewa suke yi.

Guda nawa zan buga, kuma ina zan raba?

Ɗaya a cikin kowane littafi, da rarar kamar rabin wannan adadi don rabo a waje. Da hannunka ko a gabanka za a saka su cikin littattafan kafin a ɗaure. Idan ka miƙa wa mai shago dami ka ce ya riƙa sakawa, bayan wata uku za ka tarar da su a ƙarƙashin kanta da robarsu.

Rarar ta tafi inda mutane suke zaman jira: gidan kitso da lalle, shagon tela, wurin masu ba da hayar littattafai. Kayan rabon biki ma hanya ce. Kati ɗaya a kowace jaka yana shiga gidaje da yawa a yini guda, in masu bikin sun amince. Makarantu sai da izinin shugaban makaranta, kuma sai littafin da ya dace da shekarun yaran. Tsayawa a bakin titi ana miƙa wa masu wucewa asarar kati ne.

Ni marubuciyar onlayin ce, ban taɓa buga littafi ba. Kati zai amfane ni?

Zai amfane ki a taro da biki, muddin yana da lambar QR da lambar waya. Amma babban katinki shi ne sitatus na WhatsApp. Ki sa a zana miki hoto mai tsaye, mai girman fiksel 1080 da 1920, da sunan labari, jimla ɗaya, da yadda ake biya. Ki sa shi a lokaci guda kullum, misali bayan sallar isha, har mutane su saba. Sitatus ashirin a jere ba a kallon na ukunsu.

Kuma kada ki jingina duk kasuwarki da manhaja ɗaya. OkadaBooks, da marubutan Najeriya da dama suka dogara da ita, ta rufe a 2023. Ki riƙe lambobin waɗanda suka taɓa saye a rubuce a wani wuri daban da wayarki, tare da sunan littafin da kowa ya saya.

Shafi nawa zan saki kyauta, kuma yaya zan yi da masu fitar da littafin kuɗi?

Ki saki har zuwa inda rikicin farko ya ƙullu, ki tsaya kafin ya warware. Yawanci wannan bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na labarin ba. Ƙasa da haka, mai karatu bai kamu ba; in ya kai rabi, ya riga ya hango ƙarshe. A ƙarshen kowane shafi na kyauta, ba na ƙarshe kaɗai ba, ki maimaita sunanki da lambarki, don ana kwafe shafuka a watsa su a guruf-guruf ba kai ba gindi.

Fitar da littafi, wato watsa shi ga waɗanda ba su biya ba, ba a hana shi ɗungurungum, ana dai rage shi. Kada ki tura labarin duka a fayil guda. Ki riƙa saki kashi-kashi a guruf ɗin waɗanda suka biya. Idan fayil za ki bayar, ki sa sunan mai saye ko ƙarshen lambarsa a ƙasan shafuka, ki kuma faɗa musu kin sa. Masu karanta littattafai a YouTube su nemi izini a rubuce, a yi yarjejeniyar kuɗi ko ta ambaton lambarki a farko da ƙarshen kowane kashi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi aikin da yake intanet, kuma YouTube yana da fom na kai ƙarar wanda ya ɗora aikin wani.

Rediyo har yanzu tana sayar da littafi?

A Kano, ƙwarai. Tashoshi sun yawaita tun bayan da Freedom Radio ta fara a 2003, ga Rediyon Kano, ga Rahama, Dala da Arewa, kuma sautinsu yana kai wa ga matan da suke cikin gida da 'yan kasuwar da rediyo take kunne a rumfa tun safe.

Hanya uku ce. Sanarwa ta biya: daƙiƙa talatin zuwa sittin, sunan littafi sau uku, wuri ɗaya da ake samu, lambar waya sau biyu a ƙarshe, a karanta ta a hankali. Sau ɗaya kullum na mako biyu a lokaci guda ya fi sau goma a yini ɗaya. Hira a shirin adabi: ka je da littafin, ka zaɓi sakin layin da za ka karanta, kada ka ɓata lokacinka kan tarihin makarantun da ka yi. Karanta littafin a iska: nan ake yin ganganci. In aka karanta shi har ƙarshe, wa zai saya? A rubuta inda za a tsaya, ko a bayar da na ɗaya a lokacin da na biyu yake kasuwa. Kada sanarwa ta fara fita kafin littafi ya sauka a shago. Dubi amsar 'yan kasuwa.

Bikin ƙaddamarwa yana mayar da kuɗi?

Yana iya tara kuɗi, amma ba shi yake sayar da littafi ga masu karatu ba. Ayyuka biyu ne daban. Abin da ake sanarwa a lasifika alƙawari ne, kuma ba duk alƙawari ake gani ba. Ka ajiye mutum biyu amintattu a tebur kusa da ƙofa, da na'urar POS, da lambar asusu a rubuce da manyan lambobi, da littafin rubuta wanda ya yi alƙawari da lambar wakilinsa. A bi sawu cikin mako guda, tun abin yana da zafi.

Ka lissafa kuɗin ɗakin taro, katin gayyata, ruwa da abin taɓawa, da mai gabatarwa. In babu mai ƙaddamarwar da ka tabbata zai rufe wannan, ka yi ƙaramin zaman karatu maimakon biki. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa suna irin wannan zama, kuma sassan harsuna na Jami'ar Bayero cike suke da masu nazarin adabi waɗanda za su iya yi maka sharhi. Taro kada ya wuce awa biyu, kada kuma ya ci karo da lokacin salla.

Yaya zan yi da 'yan kasuwar littattafai?

Shagunan Sabon Gari da Kurmi su ne ƙofar da littafi yake bi ya kai Katsina, Zariya, Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram, don masu sari suna zuwa Kano. Yawanci sai an sayar ake biya. Saboda haka ka fara da kaɗan, goma ko ashirin a shago, a rubuta adadi, farashin sari, da ranar lissafi, kowa ya sa hannu. A kuma faɗi wanda zai ɗauki asarar kwafin da ya yage ko ya sha ƙura.

Kada ka sayar a wayarka ƙasa da farashin shago. Ranar da mai shago ya ji, littafinka ya koma bayan kanta.

Akwai takardun da ya kamata in mallaka kafin in fara talla?

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai buga littafi mai zaman kansa ya kai musu kwafi uku. Manyan shaguna da ɗakunan karatu suna tambayar lambar. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma ikonta ya haɗa da littattafai. Ka je ofishinsu ka ji ƙa'idar da take aiki kafin ka buga, ba bayan fasta ta cika gari ba. Hoton bango da jimlar da ka ɗora a kati su ne abin da ido yake fara gani, su ne kuma ake fara hukunci da su.

Wane lokaci ya fi dacewa a fitar da littafi?

Da azumi hankali yana kan tafsiri da cefane, daga nan kuɗi ya tafi ɗinkin salla. Littafin addini da na girke-girke suna tafiya, labarin soyayya ya jira. Hutun makarantu yana da kyau. Ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, da 26 ga Agusta, Ranar Hausa, gidajen rediyo suna neman marubutan da za su yi hira da su, sai ka nemi gurbi mako biyu kafin nan. Marubuciyar da labarinta ya yi fice a gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta sa wannan a katinta da bangon littafinta.

Ta yaya zan gane wace talla ce ta kawo ciniki?

Ka tambayi duk wanda ya kira: “A ina kika ji labarin littafin?” Ka ja layuka a littafin rubutu, rediyo, kati, sitatus, shago, ƙawa, ka riƙa sa ɗigo. Bayan wata guda takardar za ta nuna maka inda za ka ƙara kuɗi da inda za ka janye.

Lambar QR tana iya yi maka rabin wannan aiki. Adireshin wa.me yana karɓar saƙon da aka rubuta tun farko, wanda zai bayyana a wayar mai saye kafin ya tura. Sai ka yi lambar QR biyu ko uku: katin cikin littafi ya zo da “Ina son na biyu”, na gidan kitso ya zo da “Na ga kati a wurin kitso”, na biki da nasa. Tunda takardar A3 guda tana ɗaukar kati goma, mai zane zai iya jera shida na cikin littafi, biyu na kitso, biyu na biki, a buga su tare a kuɗi ɗaya. Bayan an yanka, a ware su da roba mai launi daban-daban kafin su bar maɗaba'a, don in suka cakuɗe, ido ba ya bambance lambar QR ɗaya da wata.